Waiwaye: Tun daga giyar mota ciwon aljihun Nissan ya faro

Tun ranar 13 ga Fabrairun 2025, da maganar haɗewar Nissan da Honda ta watse, muhawara ba ta lafa ba. Wasu sun ce motocin lantarki na China ne suka karya Nissan, wasu sun ce harajin Amurka ne. A kasuwannin kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka kuwa tambayar ta fi sauƙi: a sayi Altima da Rogue ko a bari, kuma idan abin ya ƙara lalacewa za a ci gaba da samun kayan gyara? Alƙaluman suna da nauyi. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2025 kamfanin ya yi asarar kusan yen biliyan 671, sannan a watan Mayu ya bayyana rage ma'aikata 20,000 da rage masana'antu daga 17 zuwa 10. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya fi shekara ashirin yana taruwa.

Farkon labarin sananne ne. An kafa kamfanin a 1933, ya yi suna da Datsun, sannan Sunny da Patrol da Urvan, motocin da tsofaffin direbobi har yau suke yabon juriyarsu. Zuwa 1999 bashi ya kai wuya, wajen yen tiriliyan 2, sai Renault ta Faransa ta sayi kashi 36.8 na hannun jari. Aka rufe masana'antu biyar, aka rage ma'aikata 21,000, riba ta dawo. A 2010 aka fitar da Leaf mai lantarki, a 2018 aka yi hayaniyar shugabanci da ta cika jaridu. Yawanci daga nan masu sharhi suke tsallakewa zuwa yau.

Abin da ake tsallakewa ya faru ne tsakanin 2002 da 2008, kuma a ƙarƙashin mota ya faru. A 2002 Murano ta fito da injin V6 mai lita 3.5, haɗe da irin giyar da ake kira CVT. Kafin nan an fi sanin wannan giya a ƙananan motoci marasa nauyi. Da samfurin 2007 sai ta shiga Altima da Sentra da Versa da Maxima, a 2008 ta shiga Rogue, a 2013 har Pathfinder mai kujeru bakwai. Dalilin yana da ma'ana: man fetur yana tsada, dokokin rage shan mai suna ƙara tsanani a Amurka da Japan, ita kuma CVT tana rage shan mai da gaske. Abin da ya biyo baya shi ne kusan duk motocin da ke kawo wa kamfanin kuɗi a Amurka suka rataya a kan fasaha guda.

Dole a fahimci yadda take aiki kafin a gane inda take ciwo. Giyar atomatik da aka saba da ita haƙora ne suke cizon haƙora. CVT ba ta da wannan. Fuli biyu ne, kowanne kamar mazurari biyu da suka fuskanci juna, sai bel na ƙarfe a tsakaninsu, wanda aka jera ɗaruruwan ƙananan faranta a kan siraran zobba. Fuli ɗaya ya matse, ɗayan ya buɗe, bel ya hau ko ya sauka, shi ne canjin giya. Duk ƙarfin injin ta wurin gogayyar ƙarfe da ƙarfe yake wucewa, kuma abin da ke hana bel zamewa shi ne matsin mai daga famfo. Wato man giya a nan aiki uku yake yi lokaci guda: yana matse fuli, yana sanyaya, yana kuma ba bel riƙo.

Zafi ne abokin gabarsa. Idan mota ta daɗe a cunkoso, ko ta hau tudu da lodi, ko aka taka totur na awanni a kan babban titi, mai yakan yi zafi ya tsinke, matsi ya ragu, bel ya ɗan zame. Zamewar ba ta wuce ƙiftawar ido, amma takan bar karce a fuskar fuli. Garin ƙarfen da ya fito sai ya bi mai, ya je ya liƙe a bawul ɗin da ke daidaita matsin famfo, matsi ya ƙara raguwa, bel ya ƙara zamewa. Direba zai fara jin kuka siriri idan ya taka, sai kakkarwa lokacin tashi daga tsaye, sai wata rana motar ta ƙi ja gaba ɗaya duk da injin yana ihu, domin kwamfuta ta rage ƙarfi don ta ceci giyar. A na'urar bincike sau da yawa lambobin P0776 ko P17F0 ko P17F1 ne suke fitowa. Idan an kai nan, canjin mai ba ya mayar da fuli sumul.

Yanzu ga inda gareji ya haɗu da ofishin akawu. An tsawaita garantin giyar motocin 2003 zuwa 2010 daga shekara 5 ko mil 60,000 zuwa shekara 10 ko mil 120,000, wato kusan kilomita 193,000. Daga baya, bayan ƙararrakin haɗin gwiwa da aka sasanta a Amurka, an tsawaita na wasu samfuran Altima da Sentra da Versa da Rogue da Pathfinder zuwa wata 84 ko mil 84,000. Wannan ya taimaki masu motoci ƙwarai, amma kowace giya da aka sauya kyauta kuɗi ne da ya fita daga ribar motar da aka riga aka sayar shekaru da suka wuce.

Asarar da ta fi wannan ba ta bayyana a takardar garanti. Mai sayen sabuwar mota a Amurka yana lissafin nawa za ta yi idan ya tashi sayarwa, kuma kamfanin da ke ba da motar haya ta shekara uku da wannan lissafin yake yanka kuɗin wata. Da labarin giya ya bazu a wurin makanikai da dillalai, sai darajar ta-hannu ta faɗi. Don a ci gaba da sayar da sababbi sai a ƙara rangwame, a kuma tura da yawa ga kamfanonin hayar mota a farashin sari. Su kuma bayan shekara ɗaya ko biyu su zubo su gwanjo, farashin ta-hannu ya ƙara faɗuwa. A 2017 kamfanin ya sayar da mota kusan miliyan 1.6 a Amurka, adadin da bai taɓa kaiwa ba, amma ribar kowace mota ta yi siriri. A 2024 adadin bai kai miliyan ɗaya ba. Kuɗin da ake ƙera sabon samfuri da shi daga wannan ribar yake fitowa, shi ya sa lokacin da Amurkawa suka koma motoci masu haɗa fetur da batir, babu irinsu a shagunan Nissan na can, alhali tasa fasahar ta haɗa fetur da batir, e-Power, tana kan titin Japan tun 2016. China ta zo ta tarar da jiki ya riga ya yi rauni: ciniki a can ya sauko daga sama da miliyan 1.5 a 2018 zuwa wajen 700,000 a 2024.

Adalci ya sa a faɗi cewa injinan kansu, irin VQ35 da QR25, suna da ƙarko. Patrol da Navara da Urvan ba su da wannan giya. Honda da Toyota ma suna amfani da CVT, Toyota har ta ƙara mata giyar haƙori ta tashi a Corolla ta 2018 don ta rage wa bel wahalar tayar da mota daga tsaye. Pathfinder ta 2022 kuma ta koma atomatik mai giya tara.

Motocin gwanjon nan su ne suke sauka a Kwatano da Legas, su hauro arewa da farashin da ya fi na Camry ko Accord sa'anninsu sauƙi. Sun zo garantinsu ya ƙare, sun tarar da zafin Afrilu da ya haura digiri 40, sun kuma tarar da garejin da ke zuba musu jan man atomatik na gama-gari. Wannan man yana kashe CVT da wuri, domin bai da riƙon da bel ke bukata. Tsofaffin samfura man CVT na Nissan mai suna NS-2 suke sha, yawancin na 2013 zuwa sama NS-3, kuma littafin motar ne zai raba gardama. A irin yanayinmu gara a sauke mai duk kilomita 40,000 zuwa 50,000. Saukewa ɗaya takan fitar da wajen lita 4 ne kawai, kusan rabin abin da ke ciki, don haka idan ya yi baƙi a maimaita bayan ɗan tafiya. A cire kaskon ƙasa, a wanke maganaɗisun da ke cikinsa, a duba: gari mai laushi kamar toka ba abin tsoro ba ne, ɓarɓashi mai sheƙi kuwa alama ce bel ya fara cin fuli. Filta biyu ne, na raga a cikin kasko da na takarda kusa da kula mai sanyaya man giya, duk a canza. Samfuran da ba su da sandar auna mai ana daidaita matakinsu ne man yana tsakanin digiri 35 da 45, injin yana aiki. Ɗaura ƙarin kula mai sanyaya mai a gaban lagireto ya fi kowane gyara arha.

Wanda zai saya kada ya yarda da zagayen minti biyar da sanyin safiya. A yi tafiyar rabin awa da rana, na'urar sanyi a kunne, a hau tudu, a tsaya a tashi sau da yawa, sannan a jona na'urar bincike.

Batun kayan gyara kuwa da sauƙi. Giyar JF011E da ke cikin tsofaffin Altima da Rogue da Sentra ita ce a Mitsubishi Lancer da Outlander da Jeep Compass da Dodge Caliber na wancan zamanin, don haka bel da bawul da famfonta suna da yawa a kasuwar kwance. Sai dai giyar Beljiyam da za a ɗaura ita ma ta sha nata zafin a wata ƙasa, saboda haka a buɗe kaskonta a ga maganaɗisu kafin a biya kuɗi.