Ɗaukar hoton tsofaffin jiragen saman fasinja na Rasha

Ɗaukar hoton tsofaffin jiragen saman fasinja na Rasha reshe ne na sha'awar bibiyar jiragen sama, inda masu yin sa ke tsayawa a gefen shingen filin jirgi ko kusa da ƙarshen titin sauka, su ɗauki hoton jirgi, su rubuta lambar rajistarsa, sannan su adana bayanin ranar da wurin. Jiragen da ake nufi su ne waɗanda aka ƙera a zamanin Tarayyar Sobiyat, musamman na kamfanonin Tupolev da Ilyushin da Yakovlev, kuma akan haɗa da na Antonov, duk da cewa cibiyar wannan kamfani tana Kyiv ta ƙasar Yukren.

Abin da ya ba wa wannan reshe daraja shi ne ƙarancin hotunan farko. A zamanin Sobiyat an hana ɗaukar hoto a filayen jiragen sama, don haka sai bayan rushewar tarayyar a 1991 ne ƙofa ta buɗe, a daidai lokacin da Aeroflot, kamfanin jiragen sama na gwamnatin Sobiyat, ya tarwatse zuwa ƙananan kamfanoni masu yawa, kowanne da nasa fenti, aka kuma maye gurbin haruffan CCCP na jikin jiragen da RA. Da yawa daga cikin kamfanonin ba su daɗe ba suka durƙushe, ta yadda hoton mai sha'awa kan zama shaidar da ta rage ta irin kamannin jiragensu.

Tu-154 ne aka fi ɗauka. Ya fara tashi a 1968, ya fara jigilar fasinja a 1972, kuma an ƙera fiye da 1,000. Ana gane shi da injinansa uku da ke can baya da kuma doguwar wutsiyarsa, sannan samfurorin farko kan bar baƙin hayaƙi a bayansu lokacin tashi, abin da masu hoto ke matuƙar son kamawa. Aeroflot ya ajiye shi a ƙarshen 2009, kamfanin Alrosa kuma ya yi jigilar fasinja ta ƙarshe da shi a Oktoban 2020, daga Mirny zuwa Novosibirsk. Ɗan'uwansa Tu-134, wanda Rashawa ke wa laƙabi da "usur" saboda kaifin ƙarar injinsa, na farko-farkonsa suna da hancin gilashi inda mai lura da hanya ke zama. Shi kuwa Il-62 yana da injina huɗu, bibbiyu a kowane gefen baya, da wata ƙaramar ƙafa mai taya da ake saukarwa a ƙarƙashin wutsiya idan ya tsaya, don kada nauyin baya ya rinjaye shi.

Masu wannan sha'awa ba samfuri kaɗai suke bi ba, jirgi ɗaya-ɗaya suke bi da lambarsa. Misali mafi shahara shi ne Tu-154M mai lamba RA-85684, wanda lantarkinsa ya ɗauke a sama ranar 7 ga Satumba 2010, matuƙansa suka sauke shi a wani titin jirgi da aka daina amfani da shi a ƙauyen Izhma na arewacin Rasha, ya zarce ƙarshen titin ya kutsa cikin itatuwa, amma duk mutum 81 da ke ciki suka tsira. An gyara shi ya koma aiki har 2018, yanzu kuma yana ajiye a filin jirgin Tolmachevo na Novosibirsk.

Wuraren ɗauka sun yi ta raguwa. Dokar taƙaita ƙara da Tarayyar Turai ta fara aiwatarwa a Afrilun 2002 ta kori irin su Tu-134 da Il-86 daga filayenta, tsadar mai kuma ta sa kamfanonin Rasha suka koma ga Boeing da Airbus. An yi zamanin da filin Sharjah na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya zama matattarar masu hoto saboda yawan Il-76 da An-12 masu dakon kaya. Daga baya hankali ya koma ga Saberiya, inda An-24 ke ci gaba da sauka a ƙananan filaye, da kuma Koriya ta Arewa, inda kamfanin jiragen ƙasar, Air Koryo, ya riƙe Il-18 da Il-62 da Tu-134 da Tu-154, aka kuma nuna su a bikin jiragen sama na Wonsan a Satumban 2016.

Kayan aikin ba su da yawa: kyamara mai gilashin janyo nesa, da ɗan tsani don hango abin da ke bayan shinge, da haƙurin jira. Mai hoto kan so rana ta kasance a bayansa, kuma lambar rajista ta fito sarai, domin shafuka irin su Airliners.net da JetPhotos da RussianPlanes.net da ita suke tsara hotuna. Ga jirgi mai farfela, akan rage saurin ɗaukar kyamara don farfelar ta fito tana juyawa maimakon ta yi kamar ta tsaya cak.

Doka na buƙatar kulawa ta gaske, tun da yawancin jiragen da suka rage suna hannun soja ko hukumomin gwamnati. A Nuwamban 2001 an kama masu sha'awar bibiyar jirage, 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2, a sansanin sojan sama na Kalamata a ƙasar Girka bisa zargin leƙen asiri, sai a 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 13 daga cikinsu.