Kabushon na Koren Dutse: Yanka da Ƙimantawa

Kabushon shi ne dutsen ado da aka wasa samansa ya yi doro sumul, ƙasansa kuma a shafe, siffarsa kamar an raba ƙwai gida biyu a tsaye. Ba a yi masa fuskoki masu kusurwa irin na daimon. Wannan yanka ya girmi na kusurwa nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi dacewa da dutsen da haske ba ya ratsa shi sosai, ko wanda kyansa yake a launi da zane. Koren duwatsu da yawa haka suke. A Amurka, Ostireliya da Birtaniya, yankan kabushon aikin sha'awa ne da mutane kan yi a gida ko a ɗakin injinan da ƙungiyarsu ta tanada. An kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu sha'awar ma'adinai ta Amurka a 1947, kuma baje kolin duwatsu na birnin Tucson, wanda aka fara a 1955, har yau babbar mahaɗa ce ta masu sayen ɗanyen dutse.

Duwatsun da ake yankawa

Jed ne a kan gaba. Sunan ya haɗa ma'adinai biyu, kuma Bafaranshe Alexis Damour ne ya rarrabe su a 1863. Jedayit, wanda ya fi tsada, mafi kyansa daga yankin Hpakant na jihar Kachin a Myanmar yake fitowa. Nefrayit kuwa ana samunsa a yammacin Kanada, da Siberiya, da Hotan a ƙasar Sin, da New Zealand inda al'ummar Maori ke girmama shi. Zaruruwansa a sarƙe suke, shi ya sa yake da wuyar karyewa duk da cewa taurinsa bai wuce 6 zuwa 6.5 ba a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin ma'adinai da shi.

Kirisofires ya samu korensa daga sinadarin nikel, taurinsa ya kusa 7. Sanannun wurarensa su ne Marlborough a jihar Queensland ta Ostireliya, Szklary a Foland da Haneti a Tanzaniya. Malakayit dutsen tagulla ne mai zobba da layukan kore mai duhu da mai haske. A da daga tsaunukan Ural na Rasha aka san shi, yanzu yawancinsa daga Katanga ne a Kwango. Yana da taushi, 3.5 zuwa 4 kawai. Abenturin na Indiya shi ne na masu koyo, saboda arha da haƙurin hannu. Akwai kuma firinayit na yankin Kayes a Mali, da bariskayit na jihar Utah ta Amurka. Zumurrudu ma ana mayar da shi kabushon idan ɗauɗar cikinsa ta yi yawa, wadda yankan kusurwa zai tona. Ana haƙo shi a Najeriya, a wajen Gwantu ta jihar Kaduna da Nasarawa Eggon.

Yadda ake aikin

Ana fara yanka ɗanyen dutse falle-falle da zarto mai bakin daimon, kaurin kowane falle kimanin milimita 6. A jiƙa shi da ruwa don launi da tsaga su bayyana, sannan a ɗora ma'aunin zane a yi ta matsar da shi har a dace da wurin da ya fi kyau. Girman da aka saba, tsawo da faɗi, su ne milimita 40 da 30, 25 da 18, 18 da 13, domin su ne ke shiga gidan zobe ko na abin wuya da aka riga aka ƙera.

A nan ne ake yanke rabin darajar dutsen, tun inji bai taɓa shi ba. Karkatar zarto a jikin malakayit ita ke sa a samu zobba ko miƙaƙƙun layuka. Ƙyallin abenturin ba ya fitowa sai ɓarɓashin da ke cikinsa ya kwanta daidai da gindin kabushon. Mai koyo yakan so ya fitar da mafi girman abin da falle zai iya bayarwa, ya haɗa har da tsaga da farin tabo. Ƙaramin dutse mai tsabta ya fi wannan kuɗi.

Bayan an rage gefe, sai a manna dutsen a kan ɗan sanda da kaki mai zafi don hannu ya samu abin juyawa. Injin da aka fi sani yana da faifai shida a jere, lambar laushinsu 80, 220, 280, 600, 1200 da 3000, daga mafi kaushi zuwa mafi laushi, ruwa na zuba a kansu. Biyun farko masu tauri ne, su ke fitar da siffa da doro. Sauran masu ɗan taushi ne, aikinsu shafe karcen da na baya ya bari. Gefen dutsen ana ɗan karkata shi ciki domin maƙeri ya samu inda zai lanƙwasa azurfa ta riƙe.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne faifan 280 da na 600. Karcen da ya tsallake su ba zai fita a gaba ba, sai ma gogewar ƙarshe ta ƙara fito da shi. Jiƙaƙƙen dutse kuma yana ɓoye aibi, don haka gwanaye kan busar da shi su duba a ƙarƙashin fitila kafin su wuce. Wasu kan shafa masa alƙalamin tawada: duk inda tawadar ta saura bayan wasawa, wurin bai samu faifai ba. Haka nan tsakiyar doro takan zauna a baje, saboda hannu ya fi yawo a gefe.

Gogewar ƙarshe ta danganta da dutsen. Kirisofires da abenturin suna karɓar garin siriyam a kan fata. Nefrayit yana da taurin kai: ɓangarorinsa ba sa cinyewa daidai, sai fuskarsa ta yi gargada, don haka ake amfani da garin kuromiyam ko daimon mai laushin 14,000 zuwa 50,000. Zafi yana kashe launin kirisofires. Ƙurar malakayit kuwa guba ce saboda tagulla, ta dangin dutsen kwaz, irin su kirisofires da abenturin, kuma tana lalata huhu, shi ya sa ba a wasa ko ɗaya a bushe.

Ƙimantawa

Tambayar farko ita ce mene ne dutsen, domin kore ya fi kowane launi yawan jabu. Ana sayar da wani koren dutse, safentin, da sunan sabon jed, alhali wuƙar ƙarfe tana karce yawancinsa. Ana rina farin dutsen kalsidoni ya yi kama da kirisofires. Malakayit na roba ba shi da nauyi, ba shi da sanyin dutse a tafin hannu, layukansa kuma baƙi ne ƙirin. Gwajin da mai aikin gida zai iya shi ne auna dutse a sarari, a sake auna shi a cikin ruwa, don a gane sau nawa ya ninka ruwa nauyi: jedayit ya ninka ruwa nauyi kimanin sau 3.3, nefrayit kusan sau 3, kirisofires sau 2.6.

Jedayit yana da rabo uku a kasuwa. Nau'in A ba a yi masa komai ba sai shafen kaki. Nau'in B an jiƙa shi a ruwan asid an cike ramukansa da roba, dabarar da ta yaɗu a shekarun 1980. Nau'in C rinanne ne. Ido kaɗai ba ya isa ya raba A da B, sai ɗakin gwaji, kuma tazarar farashinsu babba ce. Mafi daraja shi ne kore shar mai ɗan ratsuwar haske, wanda launinsa ya bazu daidai. A 2014 an sayar da sarƙar Hutton-Mdivani mai ƙwayoyin jedayit 27 a Hong Kong kan sama da dala miliyan 27.

Irin wannan kuɗi ba ya zuwa teburin mai aikin sha'awa. Shi abin da ake dubawa a nasa shi ne hannu: doro ya tafi bai ɗaya, ɓangarorin biyu su yi daidai, hasken fitila ya zagaya a kai ba tare da ya karye ba, baya ma a goge shi. Zumurrudu da kirisofires mai kyau ana sayar da su da karat, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. Malakayit da abenturin kuwa da ɗai-ɗai ake sayar da su, kuma masana'antun Indiya da Sin suna fitar da su da arhar da mai yankan gida ba zai iya kamowa ba. Shi ya sa masu son mayar da kuɗin faifansu suka fi karkata ga siffar da ba ta bin ma'auni, da dutsen da aka san ramin da ya fito, su kai wa maƙeran azurfa masu yin zobe ɗaya tak.