Waiwaye: Zanen Barkwanci da Ɗakin Karatu

Duk wanda ya taso a Kaduna ya san laburaren jiha da ke Titin Bida, ya kuma san dokar wurin: ka shiga, ka rage murya, ka fuskanci littafinka. Amma shekaru arba'in da suka wuce, da wuya yaro ya baje mujallar zane a kan tebur kowa na gani. A tsakiyar littafin Lissafi ake ɓoye ta, don iyaye da malamai sun ɗauke ta shiririta.

Wannan ƙyama ba mu kaɗai muka yi ta ba. A Amurka, cikin 1954, wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa mujallun zane laifin lalacewar tarbiyyar yara. Har wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun, masu buga mujallun kuma suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa a shekarar. Ɗakunan karatu da dama suka daɗe ba sa sayen su. Su ma masu zanen ba su raga ba: ma'aikaciyar laburare a wurinsu kullum dattijuwa ce mai tabarau, fuska a murtuke, yatsa a kan leɓe. Sai ga shi a 1967 kamfanin buga mujallun zane na DC ya fito da wata jaruma a cikin labaransa, Barbara Gordon, wadda da rana take aikin laburare a birnin Gotham, da dare ta rikiɗe ta zama Batgirl tana farautar ɓarayi. Ko ramuwa ce ko ban-haƙuri, oho.

Sulhun ya zo a hankali. Littafin zane mai suna Maus ya sami lambar Pulitzer a 1992. A 2002 aka fara Unshelved, zanen barkwanci a intanet wanda gaba ɗayansa a cikin laburare yake faruwa, ɗaya daga cikin masu shi ma ma'aikacin laburare ne. Zuwa 2018 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ware wa littattafan zane sashe na musamman.

Namu labarin ya ɗan sha bamban, domin a nan zane tare da boko ya shigo. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ba ya manta hotunan cikinsa. A Zariya aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, NORLA, daga 1954 zuwa 1959, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu hoto don manyan da suka fara haɗa baƙi. Wato an yarda hoto tsani ne na koyon karatu. Abin da ba a yarda ba shi ne wanda ya riga ya iya karatu ya ci gaba da bin hoto. A ganina nan aka yi kuskuren.

Shi ya sa mujallun da samari suka fi so ba su shiga kantar laburare ba. African Film mai ba da labarin jarumi Lance Spearman a ƙarshen shekarun 1960, da Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976, wurin mai jarida ake sayen su, a yi ta aro daga hannu zuwa hannu har bango ya cire. Kaɗan ne suka tsira.

Wanda ya tsira sosai shi ne zanen cikin jarida, shi ma arziki ya ci. Ma'aikatan laburare sun saba ɗinke jaridu kundi-kundi saboda labarai, zanen ya bi sahu. Mai neman yadda aka yi wa gwamnatocin soja shaguɓe da alƙalami sai ya nemi tsofaffin kundayen New Nigerian, wadda aka kafa a Kaduna a 1966, ko a Gidan Arewa da ke Titin Rabah, ko a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Takardun sun yi ja, wasu suna marmashewa in an taɓa.

Yau zanen Mustapha Bulama na Daily Trust ya fi yawo a waya fiye da takarda. Nasa dai yana da jarida a bayansa, za a ɗinke. Matasan da ke zane da Hausa suna sakawa a Facebook da WhatsApp kuwa, aikinsu yana cikin wayoyinsu ne, kuma waya kan faɗa ruwa.