Mece ce ma'anar saflimen? A tambayi mai awon shinkafa a Mile 12

Shekara biyu ko uku da suka wuce, in ka ji kalmar saflimen a bakin Bahaushe a Legas, to hirar mata ce, masu neman ƙiba ko hasken fata. Yanzu kalmar ta fito daga ɗaki ta shiga kasuwa. Tana bakin mai talla a cikin motar haya daga Oshodi zuwa Agege, tana cikin muryoyin da ake turowa a WhatsApp, tana TikTok, tana gidan rediyo a shirye-shiryen da mai magani ya sayi fili ya zauna yana amsa waya kamar likita. Akwai saflimen na suga, akwai na hawan jini, akwai na basir. Duk waɗannan na ji na yi shiru. Wanda ya hana ni barci shi ne wanda na ji a makon jiya, wani yana rantsuwa cewa nasa saflimen na farfaɗiya ne, kwalba uku ka sha ka yi sallama da ƙwayar asibiti har abada.

Wannan jimlar kanta ta ƙaryata kanta, in da mai faɗarta ya san abin da kalmar take nufi.

Turanci ya aro kalmar ne daga Latin, kuma tushenta yana nufin cikawa, wato a ƙarasa abin da ya rage bai cika ba. Shi ya sa Bature yake kiran ƙarin shafukan da ake cusawa a tsakiyar jarida da wannan sunan. Da Hausa kalmar da ta fi zama daidai ita ce ciko. Ciko kuwa ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai akwai abin da yake cikewa. Ba wanda zai ba ka cikon kuɗi alhali bai taɓa ba ka kuɗin ba.

Amma ni na fi son in kwatanta shi da gyara, domin a nan Legas kowa ya san gyara, har wanda bai jin Hausa. Ka je Mile 12 ka tsaya wajen masu shinkafa ko wake. A gida mudu ko tiya muka sani, a nan kuwa da derika ake awo, ko da robar fenti. Mai awo zai cika derika ya zuba, ya sake cikawa ya zuba, in ya gama sai mai saye ta ce a sa mata "jara". Wannan jarar da Bayarabiya da Inyamura suke nema da broka, gyaran nan namu ne, kakanninmu fatake suka kawo kalmar kudu, ta zauna ta yi gida har an manta daga inda ta zo. Mai awo zai ɗan dumbuza da hannu ya watsa a kai, kowa ya yi murmushi a rabu lafiya. To a ce wata rana ka je da kuɗin derika goma, mai awo ya dumbuza hannu ɗaya ya zuba maka a buhu, ya ce ai wannan gyaran mai albarka ne, ba ka buƙatar awon. Za ka tafi? Kafin ya rufe baki ka tara masa jama'a. Abin mamaki, mutumin da ba za a yi masa haka a kan wake ba, shi ne ake yi wa a kan ƙwaƙwalwar ɗansa, kuma ya biya yana godiya.

A farfaɗiya, awon shi ne maganin da likita ya rubuta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wani ɗan lantarki, a tsare, kowace a lokacinta. In wani gungu daga cikinsu ya rikice ya saki lantarkin gaba ɗaya, sai mutum ya faɗi yana jijjiga, ko ya ƙame yana kallon wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu, ko hannu ɗaya kawai ya riƙa fizga. Abin da ke jawo rikicewar yana da yawa: wahalar haihuwa da ta hana jariri iska, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki, gado, wani lokaci kuma a bincika a rasa dalili. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, ko da yake har yau in wani ya faɗi a tasha za ka ga an yi da'ira ana kallo daga nesa. Magungunan irin su fenobabital, wanda tun 1912 ake amfani da shi, da kabamazafin da aka fi sani da Tegretol, da Epilim, da Keppra, aikinsu su kwantar da wannan lantarkin. Amma sharaɗinsu ɗaya ne mai tsauri: sai adadin maganin ya zauna daram a cikin jini dare da rana. Shi ya sa ake cewa a sha a kan lokaci. In aka yanke shi farat ɗaya, jijjigar tana iya dawowa fiye da da, har ta kai ga wadda ba ta tsayawa, kuma duk jijjigar da ta wuce minti 5 ta zama maganar gaggawa, tana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su maganin da ya dace.

Ba ina cewa ciko ba shi da gurbi ba ne. Yana da shi, kuma a nan ne masu talla suke samun ɗan gaskiyar da suke lulluɓe ƙaryarsu da ita. Akwai wata irin farfaɗiyar jarirai, mai wuyar samu ƙwarai, wadda bitamin B6 ne maganinta, domin jikin yaron ne ya kasa sarrafa shi yadda ya kamata. Wannan gaskiya ne. Sai mai talla ya ɗauki wannan ya ce B6 yana maganin farfaɗiya, ya sayar wa dattijon da tasa ta samo asali daga faɗuwa a kan babur. Haka kuma in sinadarin magnisiyam ko kalsiyam ko suga ya yi ƙasa sosai a jini, mutum zai iya jijjiga, kuma cike gurbin ne maganin. Amma gwajin jini ke nuna hakan, ba kallon ido ba, kuma wanda nasa yake daidai ko ya sha buhu ba abin da zai ƙaru da shi. Likita da kansa yakan haɗa wa wanda ya daɗe yana shan fenobabital ko Tegretol da bitamin D, saboda waɗannan magungunan suna rage ƙarfin ƙashi a hankali. Yakan ba macen da ke shirin ɗaukar ciki folik asid, ya kuma sake duba maganinta, musamman in Epilim take sha, don yana iya yi wa ɗan tayi illa. Duk waɗannan gyara ne na gaskiya, a kan awon da ya riga ya cika.

Akwai biyu da ake yawan jawowa cikin hirar don a burge mai sauraro. Na farko tsarin abincin kito, mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci, wanda likitoci a Amurka suka fara amfani da shi tun 1921 ga yaran da magani ya kasa riƙewa. Yana aiki ga wasu, amma da ma'auni ake auna kowace loma, ƙarƙashin kulawar likita da masanin abinci, ba wai uwa ta hana yaro tuwo ta ɗura masa man shanu ba. Na biyu man da ake tacewa daga tabar wiwi. A 2018 Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, tatacce ne, an san adadin da ke cikin kowane ɗigo, ana kuma bibiyar hantar mai shansa. Wannan bai da alaƙa da baƙin man da ake miƙo maka a ɓoye a cikin kwalbar turare, wanda ban da haɗarinsa ma zai iya haɗa ka da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA.

Sai kuma ƙawar saflimen da ba sa rabuwa, wato "ba kemikal, zallan itatuwa ne, ba ya da illa". Zaƙami ma itace ne, kowa kuwa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha. Akwai wani ganye da Turawa ke kira St John's wort, ana sayar da shi don damuwa da rashin barci, yana sa hanta ta riƙa narkar da Tegretol da fenobabital da sauri, sai adadinsu ya faɗi a jini alhali mutum bai tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Akwai ginko, da ake tallarsa don kaifin ƙwaƙwalwa, wanda a cikin 'ya'yansa akwai sinadarin da shi kansa yake tayar da jijjiga. Har ruwan lemon giref yana sa Tegretol ya taru ya yi yawa, mutum ya riƙa jiri yana ganin abu biyu-biyu. Wannan ya wuce gyaran da ba ya ƙara komai, ya zama gyaran da ke huda buhun. Ni ba ni da ja da mai shan zuma ko habbatus sauda, ballantana mai addu'a da tofi ga ɗansa. Abin da nake roƙo kawai a faɗa wa likita duk abin da ake sha, kuma kada a ajiye ƙwaya dominsa.

In ka matsa wa mai talla, makaminsa na ƙarshe shi ne ya juya kwalbar ya nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. A duba da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambar da ake ba su tana ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an gwada an ga abin ba guba ba ne a yadda aka ce a sha. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jiki. Shi ya sa ake tilasta musu su buga wani ɗan layi da ke cewa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirarin ba. Layin yana nan da ƙananan haruffa, da Turanci, a wurin da babban yatsan mai talla yake yawan sauka.

Na san dalilin da ya sa mutane ke faɗawa, kuma ba wauta ba ce. Ƙwaya ta yi tsada, wata takan sa barci da kasala, layin asibiti yana cinye yini guda na mai neman na cefane, sannan ga maganar da ta fi ciwo, a ce maka za ka yi shekaru kana sha. Shi kuwa mai kwalba ya ce uku kawai. Abin da ba a cika bayyana wa mutane ba shi ne, wanda ya yi shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita yana iya duba yiwuwar janye maganin, a hankali cikin watanni, bayan ya auna irin farfaɗiyar da sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa na EEG. Kuma masu wannan aikin ba su yi mana nisa ba. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba yake, cikin unguwar da Hausawa suka cika, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba.

A gidan da na taɓa haya a Agege akwai wani maƙwabcina mai sayar da goro, ɗansa ɗan shekara 12 yana da farfaɗiya. Yaron ya yi wata 14 bai faɗi ba, har ya koma Islamiyya, har an daina hana shi zuwa kusa da murhu. Wata rana na ga kwalabe uku masu koren murfi a jere a kan tagarsu. Na ce, "Alhaji, waɗannan fa?" Ya ce, "Malam, saflimen ne, an ce yana wanke abin daga tushe. Na gaji da ganin yaron nan yana gyangyaɗi a kan allo." Na tambaye shi ƙwayar fa, ya ce mai maganin ya ce ba a haɗawa, sai an bar ɗaya. Na yi masa maganar da zan iya, ya ce in sha Allahu zai duba, irin amsar da dattijo ke ba ka in yana son ka tafi.

Kwana tara bayan haka, da asuba, ihun uwar yaron ya tashe mu. Na tarar har wani ya ɗauko cokali zai cusa masa a baki, wata kuma tana yanka albasa. Na karɓe cokalin, domin ba a sa komai a bakin mai jijjiga, haƙori ake karyawa ko a toshe masa numfashi, harshe kuwa ba ya haɗiyuwa. Muka janye kujera, muka sa masa zane a ƙarƙashin kai, muka juya shi ta gefe, ina kallon agogon waya. Ta lafa, kafin ya farfaɗo ta sake dawowa. A Keke muka ɗauke shi.

Ya kwana uku a asibiti, aka mayar da shi kan ƙwayarsa, lissafin wata 14 kuma ya koma farko. A rana ta biyu likitar ta ce a kawo mata abin da yake sha ta gani. Alhaji ya zaro kwalba ɗaya daga aljihun babbar riga ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya gaba, ta juya baya, tana neman jerin abin da aka haɗa. Hoton ganye ne, da hoton ƙwaƙwalwa mai walƙiya, da lambar waya guda biyu. Ta ce, "Baba, me ke ciki?" Ya ce shi ma abin da zai tambaye ta ke nan.