Shuɗin Nilu: ruwan sama, amfani da ƙasa da gudun kogi

Shuɗin Nilu, wanda Larabawan Sudan ke kira Annilul Azraƙ, Habashawa kuma Abbai, ya taso daga tafkin Tana a tsaunukan Habasha, ya shigo Sudan ta kudu maso gabas, ya bi ta Damazin da Sinja da Sinnar da Wad Madani, sannan ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Yana kawo wajen mita kubik biliyan 50 a shekara, fiye da rabin ruwan da ke isa Masar. Kusan duk wannan ruwa a Habasha yake sauka, don haka ƙarfin damina a can da irin yadda ake noma gangaren tsaunuka su ke yanke hukuncin abin da manomin Sinnar zai gani a bakin gonarsa.

Damina da cikar kogi

Ruwa yana sauka a tsaunukan Habasha daga Yuni zuwa Satumba. Kogin yakan fara tasowa a ƙarshen Yuni, ya batse a Agusta ko farkon Satumba, lokacin da ake kira damira a Sudan. Kafin babbar madatsar Habasha ta fara aiki, kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan shekara yakan wuce ne tsakanin Yuli da Oktoba. Kafin a gina manyan madatsu, da bazara kogin yakan janye har rairayi ya fito fili a tsakiyarsa. Rassansa biyu, Dindir da Rahad, sukan yanke da rani, sai tafkuna jefi-jefi.

Shekaru ba sa zuwa ɗaya. 1913 tana cikin mafi ƙarancin ruwa da aka taɓa rubutawa, haka kuma 1984, shekarar yunwa a Habasha da yammacin Sudan, a tsakiyar farin da ya addabi yankin Sahel tun ƙarshen shekarun 1960. Sau da yawa ƙarancin yakan zo tare da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik. A ɗaya gefen kuma akwai ambaliyar 1946 da ta 1988, sai ta 2020 da ta zarce su, inda ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Masana sun rabu kan ko sauyin yanayi zai ƙara ruwan kogin ko ya rage shi. Da yawansu dai sun fi tsammanin ratar da ke tsakanin shekarar fari da ta ambaliya za ta ƙara faɗi.

Sare daji da noma

Ƙasa mai ciyawa da itatuwa tana shan ruwan sama, ta riƙa sako shi sannu a hankali ta maɓuɓɓugai. Idan aka sare daji aka huɗa gangare, ko dabbobi suka tattake makiyaya, ruwan yakan kwaranya nan take, ya kwashe ƙasar sama ya yi gaba. Sakamakon shi ne ambaliya mai saurin zuwa da ƙoramu masu saurin ƙafewa. A Habasha yawan jama'a ya tura noma har kan tudu masu tsini. A Sudan kuma noman tarakta na dawa da riɗi, wanda aka fara a yankin Gadarif a shekarun 1940 ya kuma bunƙasa bayan 1968, ya cinye dazuzzuka masu faɗi a kewayen Rahad da Dindir.

Ana jayayya kan ko wannan ya canza jimillar ruwan shekara. Batun laka kuwa ba a cika musu a kai ba: ta ƙaru. Madatsar Sinnar ta rasa fiye da rabin ma'ajinta saboda laka, hanyoyin ban ruwa na Jazira kuwa, wato babban gandun noman da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, sai an yi ta yashe su kowace shekara. Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, an ƙara mata tsayin mita 10 a aikin da aka kammala a 2013.

Hausawan bakin kogi

Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa Sudan a hanyarsu ta aikin hajji, wasu su tsaya neman guzuri, zaman ya zarce har jikoki. Hijira mafi shahara ita ce wadda ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wataƙila wajen 1906. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno, daga shi kuma ƙauyuka suka yaɗu a bakin kogin da rassansa. Mutanen Sudan sukan haɗa su duka a suna ɗaya, Fallata ko Takari, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani ko Babarbare ba.

Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, waɗannan baƙi na cikin waɗanda suka riƙe aikin tsinka da shema. Amma sana'ar da ta fi ɗaure su da kogin ita ce kamun kifi da noman juruf, wato gaɓar da ruwa ke rufewa da damina ya janye ya bar laka mai danshi. Wanda ya san noman fadama a ƙasar Hausa ba ya bukatar a koya masa wannan. Ana shuka wake da kuɓewa da albasa da tumatir ba taki ba ban ruwa, faɗin gonar shekara kuma ya dogara ga inda ambaliya ta kai. Lakar da injiniya ke kuka da ita a madatsa, ita ce takin mai juruf, ita ce kuma jarin masu gasa jan bulo a bakin kogi. Dazuzzukan bagaruwa da ke cikin kwarurrukan gefen kogin, waɗanda ake kira sunut, su ma ba sa rayuwa sai ambaliya ta shiga ta kwanta a ƙarƙashinsu. Akwai kuma haddam, zaftarewar gaɓa, wadda kan ci gonaki da lambuna idan ruwa ya sauka da sauri.

Madatsar Habasha

An fara gina babbar madatsar Habasha a 2011 kusa da iyakar Sudan, aka fara tara ruwa a 2020, aka ƙaddamar da ita a Satumban 2025. Tana iya riƙe mita kubik biliyan 74, fiye da ruwan kogin na shekara guda. Tana rage ƙarfin damira, tana ƙara ruwan rani, tana kuma tare mafi yawan laka. Masu ban ruwa da famfo da tashar lantarkin Rusairis suna amfana, masu juruf da masu bulo suna asara. Yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959, wadda ta ba Masar mita kubik biliyan 55.5 a shekara ta ba Sudan biliyan 18.5, Habasha ba ta cikinta, kuma ba ta yarda da ita ba.