Sakin anka: zangon masu rayuwa a kan teku

Ƙanena ne ya kawo mini wayarsa a gidanmu na Maradi, ya nuna mini bidiyon wasu mata da miji da ke zaune cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ya ce, "Yaya, wai sun koma tsohon wurinsu sun saki anka. Mece ce anka?" Tambayar ta dace, don a bakinmu "anka" ita ce ta "anka zo, anka tafi". Wannan dabam take.

Anka ƙarfe ce mai baki kamar na garma, ɗaure da doguwar sarƙa a goshin jirgi. Kwale-kwalen Madarunfa ana iya jawo shi bakin ruwa a bar shi, amma jirgin iska yana da wani ƙarfe mai nauyi da ya sauka ƙarƙashin cikinsa don kada iska ta kifar da shi, saboda haka dole ya kwana a ruwa mai zurfi.

Mutane suna zaton nauyin anka ne ke riƙe jirgi. A'a, cizon ƙasa ne. Ana sakin sarƙar da ta ninka zurfin ruwan sau 3 zuwa 5, wani lokaci fiye da haka in iska ta tsananta, don ta kwanta a ƙasa ta ja ankar a kwance, bakinta ya nutse. Yashi da taɓo suna riƙo sosai. Duwatsu da ciyawar ruwa kuwa mayaudara ne: sai tsakar dare anka ta suɓuce, jirgi ya kama tafiya masu shi na barci. Ga hawa da saukar ruwan teku, ga jirgin da ke kewaya ankarsa kamar akuya a turke duk sa'ad da iska ta juya.

Wurin da ake yin haka, ni zango nake ce masa, ba tasha ba. Tasha tana da gini da ma'aikata. Zango lungun teku ne da tudu ya kāre daga iska, kamar inda ayarin gishirin Bilma yake sauke raƙuma. Madugu ba ya yada zango inda bai san rijiya ba in yana da wanda ya sani.

Shi ya sa komawa tsohon zango take da daɗi haka. Masu ƙetare tekun Atilantika sukan tashi daga Las Palmas, wani gari a tsibiran Kanari kusa da gaɓar Afirka, a watan Nuwamba, ƙarshen lokacin guguwa, su yi mako biyu zuwa uku ba su ga ƙasa ba kafin tsibirin Santa Lusiya da ke can ƙetaren tekun, suna barcin karɓa-karɓa. Wanda ya sha wannan, in ya shigo lungun da ya san ƙasarsa yashi ce, ya san ta inda iska ke fitowa da inda ake ɗiban ruwan sha, ranar ce zai saki sarƙa, ya ja jirgi baya kaɗan ya ji ta cije, sannan ya kwanta ya yi barci har hantsi.