Yawon Kallon Namun Daji a Afirka

Yawon kallon namun daji, wanda masu harkar buɗe ido ke kira safari, tafiya ce da ake shiryawa zuwa gandun daji domin ganin dabbobi a inda suke kiwo da farauta. A zamanin mulkin mallaka harbi ne ainihin manufarsa, shi ya sa har yau ake ambaton manyan dawa biyar, wato zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, waɗanda maharba suka ɗauka su ne mafiya haɗari ga mai bin sawunsu da ƙafa. Kenya ta haramta farautar nishaɗi a 1977, kuma a yau yawancin maziyarta kyamara da madubin hangen nesa kaɗai suke riƙewa.

Gandun da suka fi suna suna Gabashi da Kudancin Afirka. Serengeti na Tanzaniya, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1951, ya kai kusan murabba'in kilomita 14,750, kuma ta arewa yana haɗe da Masai Mara na Kenya. Kruger na Afirka ta Kudu, da aka kafa a 1926, ya fi shi girma, yana kuma da titunan kwalta da ke ba mutum damar tuƙa motarsa da kansa. Akwai kwarin Ngorongoro na Tanzaniya, da Amboseli na Kenya inda ake hango dutsen Kilimanjaro, da Chobe na Botswana mai tarin giwaye.

Babu abin da ya kai zaɓen lokaci muhimmanci a shirin wannan tafiya, domin ruwa ne ke juya dabbobin dawa. Da rani ciyawa kan kwanta, ganye ya kaɗe, tafkuna su ƙafe, sai dabbobi su taru a 'yan mashayan da suka rage, mai kallo ya same su cikin sauƙi. Da damina kuwa kowane kwari na da ruwa, sai su bazu cikin duhuwa, hanyoyi kuma su yi taɓo. Abin da kan rikita mutumin Kaduna shi ne yanayin can ba ya tafiya tare da namu: a Yuli da Agusta, lokacin da kogin Kaduna ke cika, rani ne a Serengeti da Kruger, har da sanyin asuba mai kama da na hunturu. Babbar damina a Kenya da arewacin Tanzaniya tana faɗowa ne daga Maris zuwa Mayu, kuma a watannin ne farashin masauki ke sauka.

Wannan juyin ruwan ne ke haddasa babbar ƙaurar Serengeti. Dabbar nan mai kama da saniya wadda Swahili ke kira nyumbu, fiye da miliyan 1, tare da dubban jakunan dawa da barewa, tana zagaye duk shekara tana bin sabuwar ciyawa. Tana haihuwa a filayen kudu tsakanin Janairu da Maris, sannan daga Yuli zuwa Oktoba garken kan tsallake kogin Mara inda kadoji ke dako. Dabba ba ta san kalanda ba, saboda haka kamfanin da ya yi alkawarin ranar tsallakawa ya faɗi abin da ba ya hannunsa.

Matafiyi daga Kaduna yakan bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, ko ya wuce Legas, daga nan ya kama jirgin sama zuwa Nairobi, ko Kilimanjaro ta hanyar Addis Ababa, ko Johannesburg. Yawanci ana buƙatar fasfo da ya rage masa aƙalla wata 6, da katin rigakafin cutar shawara, wanda ƙasashen nan ke nema daga mai fitowa daga Nijeriya. Dokokin biza suna yawan sauyawa, don haka a tabbatar da su a ofishin jakadanci kafin a biya kuɗin tikiti. Kuɗin shiga gandu da na masauki sau da yawa da dala ake yanka wa baƙo, kuma ga mai samun naira wannan ne babban nauyin tafiyar. Ƙananan jiragen da ke sauka cikin daji yawanci ba sa karɓar kayan da suka wuce kilo 15, a cikin jaka mai laushi. Kenya ta hana ledar zuba kaya a 2017, Tanzaniya ta bi sahu a 2019.

Tufafi masu launin ƙasa sun fi dacewa. Shuɗi da baƙi suna jawo ƙudan tsando mai yaɗa ciwon barci da sammore, kuma wannan sanannen abu ne ga cibiyar binciken cutar da ke nan Kaduna. Musulmi zai kyauta wa kansa idan ya sanar da masauki tun da wuri cewa abincin halal yake so, domin kicin ɗin daji yana nesa da kasuwa.

Ba dole sai an ƙetare iyaka ba. Yankari na Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, yana da murabba'in kilomita 2,244, kuma daga Kaduna ana isa da mota ta Saminaka da Jos. Yana da giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin digiri 31. Lokacinsa shi ne rani, musamman Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da dabbobi ke sauka kogin Gaji. Jihar Kaduna ma tana da gandun Kamuku a Birnin Gwari, sai dai matsalar 'yan bindiga ta daɗe da raba shi da maziyarta.

Fita kallo da sassafe ake yi, sai kuma bayan la'asar, domin da tsakar rana zaki da damisa suna kwance a inuwa. Ba a sauka daga mota sai inda jagora ya ba da izini, ba a ɗaga murya, ba a kuma miƙa wa birai abinci, saboda birin da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan koma ƙwace har cikin ɗakunan kwana.